Kaset ɗaya, wasannin fasa bulo huɗu: wanne ne na sata a cikinsu?

Kaset60: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya gare ni ga masu hulɗa da tsofaffin na'urorin gem. Ina kwashe kaya na ci karo da wani kaset na yayana, irin mai ƙafa 60 ɗin nan da ake sa wa na'urorin da suka kwaikwayi Famicom, na'urar gem ta kamfanin Nintendo, an rubuta wasanni 64 a jikinsa. Na goge ƙafafun, na sa, ya tashi. A cikin jerin akwai wasannin fasa bulo har huɗu, kowanne da sunansa. Na farko Arkanoid ne sak, sai dai an goge sunan Taito, kamfanin da ya yi shi, da shekara daga shafin farko. Na biyu shi ne dai, amma daga wani mataki na gaba yake farawa. Na uku ma shi ne, an canza launi an ƙara rayuka. Na huɗun ne ya tsaya mini a rai, don ba Arkanoid ba ne ko kaɗan. Zanensa daban, kiɗansa daban, sandar ta fi tsawo, ƙwallon kuma tafiyarta wata iri. Babu sunan kamfani, babu shekara. To shin duka huɗun satar fasaha ne, ko na huɗun yana da wani hukunci dabam? Sannan me ya sa tare ƙwallon ke da wuya haka a dukansu, ko hannuna ne ya yi sanyi?

Shuru_Shuru: Wa alaikumus salam. Duk jabu ne malam. Kaset ɗin da bai fito ta hannun Nintendo ba, ai magana ta ƙare.

TsohonGem: @Shuru_Shuru a'a ɗan'uwa, maganar ba ta ƙare ba, yanzu ma ta fara. Abu uku ne ake haɗawa a kira su jabu, alhali kowanne da gidansa. Akwai wanda ya ɗauki wasan wani ɗungurungum ya kwafa ya sayar, kamar na farkon da Kaset60 ya faɗa. Akwai wanda ya kwafa sannan ya taɓa wani abu kaɗan, launi ko rayuka ko matakin farawa, don jerin ya yi tsawo. Waɗannan biyun dukiyar Taito ce aka ɗauka, babu ja. Sai kuma wanda ya zauna ya rubuta nasa wasan tun daga tushe, ya yi zanensa da kiɗansa, abin da kawai bai yi ba shi ne neman lasisin mai na'urar. Wannan na ukun ba shi da lasisi, gaskiya ne, amma rashin lasisi wani abu ne, sata wani abu ne. Na huɗun naka a nan nake ganin ya faɗa.

Shuru_Shuru: To ai dabarar wasan ta Arkanoid ce. Sanda a ƙasa, bulo a sama, ƙwallo a tsakiya. Ko ya rubuta da hannunsa, tunanin wani ya ɗauka.

Baba_Famikom: Yaro, in dai dabarar ce, ba ta Arkanoid ba ce. Arkanoid ya fito a 1986. Shekara goma kafin nan, a 1976, kamfanin Atari na Amurka ya fitar da Breakout, injin wasa na jefa kwabo. Layin bulo takwas ne, bibbiyu kowane launi: ruwan ɗorawa, kore, ruwan lemo, ja. Launin ma ba na allon ba ne, allon baƙi da fari ne, leda mai launi aka manna a kan gilashin. Na ƙasa maki 1, sai 3, sai 5, na can sama maki 7. Idan ƙwallon ta huda ta taɓa rufin, sandar ta koma rabinta. Shi kansa Breakout ɗin an same shi ne daga tunanin yadda mutum ɗaya zai buga Pong, wasan ƙwallo na mutum biyu, ba tare da abokin karawa ba. Abin da Taito ya ƙara shi ne kafso masu faɗowa da ke ba sandar wani ƙarfi in ta tare su, da bulon azurfa mai son dūka da yawa, da na zinare da ba ya fashewa, da abokan gaba masu yawo, da babban abokin gaba DOH a ƙarshe.

Makaranci_7: Baba na ji an ce Steve Jobs ne ya ƙirƙiro Breakout, haka ne?

Baba_Famikom: Ba daidai ba ne. Dabarar ta Nolan Bushnell ce da Steve Bristow. Jobs yana aiki a Atari a lokacin, aka ba shi aikin samfurin farko, shi kuma ya jawo abokinsa Steve Wozniak wanda ya yi ainihin zanen kayan wutar cikin 'yan kwanaki. Wozniak ya matse yawan aisi, wato ƙananan ƙwayoyin lantarki masu ƙafafu, sosai har ya zama Atari ba su yi amfani da zanensa a injin da suka sayar ba, suka sake nasu. Wani abin da mutane ba sa lura da shi: injin farkon ba shi da manhaja sam. Babu ƙwaƙwalwar sarrafawa, aisi ne zalla aka jera suna yin wasan. Daga baya Wozniak ya rubuta irinsa da harshen BASIC a kan kwamfutar Apple II.

Gwanin_Vaus: Ni tambaya ta biyu zan amsa, don ita ce ta fi damuna duk lokacin da aka yi wannan hirar. Kaset60, hannunka lafiya lau. An gina wasan ne don abin murɗawa, kai kuma kana buga shi da madannin hagu da dama.

A injin kwabo na Arkanoid, wani dunƙule ake juyawa. Ka juya shi da ƙarfi sandar ta yi tsalle zuwa ɗaya gefen, ka taɓa shi a hankali ta matsa kaɗan. Saurin sandar saurin hannunka ne. Da Taito suka kawo wasan Famicom a ƙarshen 1986, da NES, samfurinta na Amurka, a 1987, sun haɗo shi da hannu na musamman mai suna Vaus, sunan jirgin da sandar take wakilta. A cikinsa akwai irin boliyum ɗin rediyo, inda ka murɗa shi nan sandar za ta tsaya. Wasan yana karɓar hannun gem na yau da kullum ma, amma da shi sandar gudu ƙayyadadde take yi. Idan ƙwallon ta yi sauri ta nufi can kusurwa kai kana nan, ko me ka danna ba za ka cim mata ba. Masu kaset ɗin tari sun kwafi wasan, ba su kwafi hannun ba. Shi ya sa da yawanmu muka taso muna ganin Arkanoid wasa ne mai mugunta, alhali rabinsa aka ba mu.

Ranar da na fara riƙe abin murɗawa, matakin da na shekara ina mutuwa a kansa na wuce shi a gwaji na biyu.

Kaset60: @Gwanin_Vaus wallahi ka warware mini wani abu. To idan na samo Vaus ɗin zai yi aiki a na'urar kwaikwayo?

Mai_Solda: Ya danganta da bakin na'urarka. Na Famicom ta ƙofar gaba mai ƙafa 15 ake sa shi, na NES kuma bakinsa mai ƙafa 7 ne, kuma ba a musanya su kai tsaye. Na'urorin kwaikwayo da yawa baki mai ƙafa 9 gare su, kuma galibi wayoyin da hannun yau da kullum ke buƙata kawai aka ja, sauran an bar su. Ka fara ƙirga ƙafafun bakin taka ka faɗa mana. Sannan ka sani wasu masu kwafin sun taɓa manhajar, ba lallai ne sashen da ke karanta Vaus ya tsira ba.

Uwar_Tagwaye: Ni dai ba na jin daɗin yadda ake sassauta maganar nan. Mutane sun zauna sun yi aiki, sun zana matakai ɗaya bayan ɗaya, wani ya zo ya goge sunansu ya sayar. Haƙƙi ne. Goge sunan ma ya fi ɓata mini rai a kan kwafin, don na girma ina buga wasan nan ban san wa ya yi shi ba sai da na yi aure.

TsohonGem: Hajiya ai ban sassauta ba. Na ce ukun farko dukiyar Taito ce. Na huɗun nake karewa.

Uwar_Tagwaye: Na gane Malam. Amma shi na huɗun me ya kai shi cikin kaset ɗaya da kayan sata?

TsohonGem: Wannan tambaya ce mai kyau. Mai haɗa kaset ɗin tari duk abin da ya samu ƙarami yake zubawa. Zai yiwu shi ma na huɗun sace shi aka yi daga wani ƙaramin kamfani aka goge sunansa, kamar yadda aka yi wa Taito.

Ɗalibin_Lauya: Bari in sa baki ta fuskar doka, don akwai shari'ar da aka yi a kan Breakout ɗin kansa. A dokar Amurka haƙƙin mallaka ba ya kare dabara ko ƙa'idar wasa, yana kare yadda aka fito da ita ne: zane, sauti, rubutun manhaja. A 1987 kamfanin Atari Games ya nemi a yi wa Breakout rajistar haƙƙin mallaka, ofishin rajistar ƙarƙashin Ralph Oman ya ƙi, bisa hujjar cewa murabba'ai masu launi da ɗigo mai yawo ba su kai a kira su aikin ƙirƙira ba. Aka je kotu. Kotun ɗaukaka ƙara ta birnin Washington ta duba maganar sau biyu, a 1989 da 1992, duka biyun ta ƙi amincewa da matsayin ofishin. Alƙaliyar da ta rubuta hukuncin ita ce Ruth Bader Ginsburg, wadda ta shiga Kotun Ƙoli a 1993. Abin da kotun ta duba shi ne wasan gaba ɗayansa, yadda siffofi da launi da motsi da sauti suka haɗu, ba kowane bulo shi kaɗai ba.

Ma'ana, @Shuru_Shuru, sanda da bulo da ƙwallo ba mallakin kowa ba ne, amma kamannin wani wasa takamaimai suna da mai su. Inda ake rigima shi ne a ina iyakar take. A 1982 Atari ya yi nasara a kan wasan K.C. Munchkin saboda kamarsa da Pac-Man ta yi yawa, duk da ba a kwafi manhajar ba. A 2012 ma masu Tetris sun kayar da kamfanin Xio a kan irin wannan. Don haka rubuta naka daga tushe ba ya wanke ka kai tsaye idan ka bi zanen wani sawu da ƙafa.

Makaranci_7: Ikon Allah. Wato har kotu aka je a kan bulo.

Ɗalibin_Lauya: Har 2017 ma Atari ya kai Nestlé ƙara a kan tallan KitKat da aka yi shi da siffar Breakout.

Shuru_Shuru: Na karɓi gyara a kan dabarar. Amma lasisin fa? Na'urar ta Nintendo ce, su ke da ikon cewa wa zai sa wasa a kanta.

Mai_Solda: Nan ma sai an bambance Famicom da NES. Famicom da ta fito a Japan a 1983 ba ta da makulli, duk kaset ɗin da ya shiga ramin zai tashi. Da za a kai ta Amurka a 1985 da sunan NES, aka canza kaset ɗin zuwa mai ƙafa 72, aka sa wani aisi da ake kira 10NES, ɗaya a na'ura ɗaya a kaset. Idan ba su gaisa daidai ba na'urar ta riƙa kashe kanta tana tashi, shi ne fitilar nan da ke ƙyaftawa. Kamfanoni marasa lasisi kowa da hanyar da ya bi. Wasu irin su Color Dreams wuta suke ɗan harba wa aisin ya suma. Tengen kuma, reshen Atari Games, sun samo rubutun makullin daga ofishin haƙƙin mallaka suka yi nasu, abin ya kai su kotu, hukuncin 1992 bai yi musu daɗi ba. Da Nintendo suka fitar da sabon samfurin NES a 1993 su da kansu suka cire makullin.

Na'urorin kwaikwayo Famicom suka bi, shi ya sa kaset ɗin Kaset60 yake da ƙafa 60 kuma babu wani makulli a maganar.

Ɗalibin_Lauya: Ƙari a kan na Mai_Solda: kariyar ƙirƙirar na'ura wa'adi gare ta, kusan shekara 20, kuma na Famicom ya daɗe da cika. Shi ya sa yau ake ƙera na'urori masu cin kaset ɗin NES ana sayarwa a fili. Haƙƙin wasannin ne bai ƙare ba, shi yana daɗewa ƙwarai.

'Yar_Kod: Ina ta jira wani ya taɓo maganar "tafiyarta wata iri" da Kaset60 ya yi, don a nan ake gane wasan da aka rubuta da kulawa da wanda aka yi a gurguje. Na taɓa gwada rubuta irin wannan wasan don NES, kuma abin da ake gani kamar wasan yara ne ya cinye mini makonni.

Na'urar ƙwaƙwalwarta 'yar gidan 6502 ce, gudunta bai kai megahaz 2 ba, wurin ajiyar aikinta kilobayit 2 kacal. Ba ta da umarnin ninkawa ko rabawa, sai ka yi dabara. Bulon ba hotuna masu motsi ba ne, zanen bango ne, domin na'urar hotuna masu motsi 64 kawai take ɗauka, kuma takwas ne iyaka a layi ɗaya. Duk bulon da ya fashe sai ka jira ɗan taƙin da talabijin ke komawa sama kafin ka goge shi. Launi ma matsala ne: kowane fili mai ɗigo 16 a tsaye 16 a kwance rukunin launi ɗaya yake ɗauka, bulo kuma tsayinsa ɗigo 8 ne, don haka bulo biyu da ke kan juna dole su ci daga rukuni ɗaya. Duk wanda ya ga katangar Arkanoid mai launi kala-kala ya san an sha lissafi.

Amma babban abin shi ne sandar. A wasa mai kyau, inda ƙwallon ta sauka a jikin sandar shi ke yanke kusurwar da za ta tashi. Ta sauka a tsakiya ta miƙe sama, ta sauka a gefe ta kwanta. Da wannan ne kake saita inda kake so ta je, kuma a nan gwaninta take. Mai rubutun gaggawa juya alkiblar kawai yake yi, ta zo a karkace ta koma a karkace, ko ina ta taɓa. Sai ka zama mai tsaron gida kawai, ba ka da ta cewa. Bulo ɗaya ya rage ka yi minti biyar kana jiran sa'a. Wani lokaci ma ƙwallon ta shiga zagaye tsakanin bango da bulon da ba ya fashewa ta ƙi fitowa har sai ka kashe na'urar.

Sai ratsawa. Sau 60 a daƙiƙa ake matsar da ƙwallon. Idan gudunta ya ƙaru kuma a ƙarshen kowane tsalle kaɗai ake duba ko ta taɓa wani abu, tana iya tsallake kusurwar bulo ko bakin sanda ba a gani ba. Kaset60, don Allah gwada mana: ka tare ƙwallon da can ƙarshen sandar a wasa na huɗu, ka ga ko kusurwar ta canza.

Kaset60: @'Yar_Kod na gwada yanzun nan. Tana canzawa, amma hawa uku kawai na lura: hagu, tsakiya, dama. Kuma sau ɗaya ta ratsa ta kusurwar bulo kamar yadda kika ce.

'Yar_Kod: To wanda ya rubuta shi ya san abin da yake yi, ya dai taƙaita. Kuma ka ce sandar ta fi tsawo ko? Ina ganin da gangan ne. Ya san da madanni za a buga, babu abin murɗawa, sai ya tsawaita ta don a iya cim ma ƙwallon. Idan haka ne, ta wannan fuskar ya fi kwafin Arkanoid ɗin dacewa da hannun da ke gabanka.

Gwanin_Vaus: Nan kam ban yarda ba ƙanwata. Tsawaita sanda rufa-rufa ce. Daɗin wasan yana cikin 'yar ƙaramar sanda da hannu mai sauri. In ka tsawaita ta, kafso mai harafin E da ke ƙara tsawo me zai yi maka kuma?

'Yar_Kod: Yaya ai Nintendo da kansu sun fuskanci wannan a Alleyway na Game Boy a 1989. Babu abin murɗawa, sai suka sa madanni ɗaya yana ƙara wa sandar gudu, ɗaya yana rage shi. Kowa da yadda ya yi da rashin dunƙulen.

Gwanin_Vaus: Hanyar Alleyway ta fi, don ta bar wa ɗan wasa iko. Sega kuwa da suka yi Woody Pop a 1987 hannun murɗawa suka haɗa masa, sun san gaskiyar magana.

Baba_Famikom: Tunda an ambaci Nintendo, bari in tuna wa Shuru_Shuru wani abu. A Japan wannan nau'in wasa har suna gare shi, burokku kuzushi, wato rushe bulo, saboda yadda kamfanoni suka yi ta fitar da irinsa bayan Breakout. Nintendo na cikinsu: sun yi injin kwabo mai suna Block Fever a 1978, sannan a 1979 suka fitar da na'urar gida Color TV-Game Block Kuzushi, wadda Shigeru Miyamoto ya zana jikinta tun yana sabon ma'aikaci. Namco sun yi Gee Bee a 1978, aikin Toru Iwatani kafin ya yi Pac-Man. Tomohiro Nishikado ma ya faɗa cewa Breakout na cikin abin da ya zaburar da shi ya yi Space Invaders. Manyan da muke girmamawa yau da kwaikwayon bulo suka koyi tafiya.

Uwar_Tagwaye: Baba amma su sun sa sunansu a jiki, sun tsaya a bayan aikinsu. Wannan shi ne bambancin da nake nufi.

Baba_Famikom: Gaskiyarki 'yata, wannan bambanci ne na gaske.

Dendy_92: Ni ta wani gefen nake kallon abin. Ƙasashe da yawa ba a kai musu na'urar asali ba a wancan lokacin, ko an kai ta fi ƙarfin mutane. A Rasha kamfanin Steepler ya fara sayar da Dendy a ƙarshen 1992, na'urar kwaikwayon Famicom ce da aka ƙera a Taiwan, mai tambarin ɗan giwa, har sunan ya zama shi ne sunan gem a bakin yara. A Poland Pegasus ce, a Brazil akwai Phantom System da Dynavision. Yaran waɗannan wurare ta kaset ɗin tari suka san Arkanoid. Ba ina halatta kwafin ba ne Hajiya, amma in aka cire waɗannan kaset daga tarihin gem an cire yarantar mutane masu ɗimbin yawa.

Mai_Solda: @Dendy_92 ka tuna mini wani abu da ya shafi tambayar wuya. Irin su Dendy an yi su ne don talabijin mai hoto 50 a daƙiƙa, wasannin kuma na Japan ne da aka rubuta don 60. Sai komai ya ragu da kashi ɗaya cikin shida, har kiɗan. Wanda ya saba da wannan, ranar da ya buga a gudun asali sai ya ga ƙwallon kamar an harbo ta. Sannan wasu aisin kwaikwayo na kamfanin UMC sun juya yanayin sautin, shi ya sa kiɗan farkon mataki ke fita da wata murya dabam da ta asali. Kaset60, idan a talabijin na zamani kake bugawa akwai jinkiri tsakanin dannawa da motsi, ka duba ko yana da saitin gem ka kunna.

Makaranci_7: Tambaya a gefe: 'yar na'urar hannun nan mai baƙin allo da aka rubuta wa 9999 a ɗaya, ita ma tana da fasa bulo. Tana cikin wannan lissafin?

TsohonGem: Brick Game kake nufi. Asalinta kwaikwayon Tetris ce, allonta gida 10 a kwance 20 a tsaye, aka cusa mata tsere da harbi da fasa bulo. Dubban nan maimaici ne da canjin gudu. Amma in na'urorin hannu ake magana, Watara Supervision ta 1992, kishiyar Game Boy mai araha, da wasan fasa bulo mai suna Crystball aka fi haɗa ta a kwali. Kusan duk wanda ya ƙera ƙaramar na'ura sai ya sa irin wannan wasan, don ba ya cin wuri kuma kowa na gane shi cikin daƙiƙa biyar.

Dendy_92: Ga wani abin da ya ba ni mamaki da na fara jinsa. Atari Flashback ta farko, ta 2004, mai cikakken lasisi, akwai Breakout a cikinta. Amma kayan cikinta ba na Atari ba ne, aisi ɗaya ne irin na kwaikwayon NES, aka sake rubuta wasannin don su hau kansa. Masu sha'awa sun yi ƙorafi cewa wasannin ba su yi kama da na asali ba, shi ya sa ta biyun aka koma kayan da ke aiki irin na Atari 2600.

Shuru_Shuru: Wato wasa mai lasisi a kan kayan kwaikwayo. Kaina ya fara ɗaurewa.

Mai_Solda: Kaset60, in kana so ka san wani abu game da na huɗun, buɗe kaset ɗin a hankali ka duba fanel, wato allon kayan wutar da ke cikinsa. In ka ga aisi masu ƙafafu da rubutu a kansu, galibi akwai lambobi huɗu da ke nuna shekara da makon da aka ƙera shi. In kuma baƙin ɗigo ka gani kamar an ɗiga kwalta, to sai dai ka duba ko an buga wata lamba a jikin fanel ɗin. Kada ka ƙwaƙule ɗigon, ƙananan wayoyi ne a ƙarƙashinsa, ka taɓa su kaset ya mutu.

'Yar_Kod: Kuma don Allah kada ka yar da shi. Arkanoid ba zai ɓata ba, an adana shi ta kowace fuska, hatta jabun injinsa na kwabo masu tambarin Tayto a madadin Taito suna cikin ma'ajiyar MAME, manhajar da ke adana wasannin injin kwabo. Irin na huɗun nan ne ke ɓacewa, don babu kamfanin da zai nemo su. Akwai 'yar na'urar da ake juye abin da ke cikin kaset zuwa kwamfuta. Idan aka juye, ana iya leƙa cikin manhajar, wani lokaci a tarar marubucin ya bar sunansa ko na kamfaninsa a wani lungu da ba ya fitowa a allo. Ana kuma iya gwada ta da ta Arkanoid a ga ko an ɗebo wani sashe.

Uwar_Tagwaye: In aka samu sunansa a ciki zan ji daɗi ƙwarai. Ko ba komai a san wa ya yi.

Ɗalibin_Lauya: Sai dai a kula, juyewa don dubawa daban, rarraba kaset ɗin gaba ɗaya a intanet daban, tunda akwai wasannin mutane a ciki.

Shuru_Shuru: Ni har yanzu ina nan a kan cewa kaset ɗin jabu ne. Na huɗun dai na janye hukunci sai an leƙa cikinsa. In aka tarar da rubutun Taito a ciki fa, TsohonGem?

TsohonGem: To ya koma rukuni na biyu, kuma ni zan fara faɗa. Amma wanda ya kwafi manhajar Arkanoid ba shi da dalilin rage kusurwoyin sandar zuwa uku, ai aiki ya ƙara wa kansa.

Kaset60: Na gode muku duka. Na buɗe shi, baƙin ɗigo biyu ne, babu aisi mai rubutu, sai wasu haruffa da lamba a gefen fanel da ban gane kansu ba. Bakin hannun na'urata kuma ƙafa 9 ne, don haka maganar Vaus sai an yi dabara. Na kai mataki na bakwai a na huɗun, kuma akwai wani kafso da ban taɓa gani a Arkanoid ba: in ka ɗauke shi hagu ta koma dama, dama ta koma hagu na ɗan lokaci. Akwai wanda ya taɓa cin karo da wannan a kaset ɗinsa?

Mai_Solda: Turo hoton fanel ɗin gaba da baya, haske ya faɗa kan lambar sosai. Wayoyin bakin mai ƙafa 9 kuma zan zana maka yadda za ka gwada su da mita kafin ka sayi komai.

Gwanin_Vaus: Kafso mai juya hannu? Wane launi ne, kuma akwai harafi a jikinsa?